Jeren Aro a Asibitin Garinmu

Ranar Talatar nan aka kwantar da ni a asibiti. Kada mai karatu ya tashi neman lemo da ayaba don zuwa dubiya. Lafiyata lau aka kwantar da ni, lafiyata lau aka sallame ni, kuma a tarihin jinyar da aka taɓa yi tsakanin Sabon Birni da Isa ban san wanda ya warke da sauri kamata ba.

Asalin maganar ƙafar Illo ce. Illo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu tun muna da baƙin gashi. Bayan girbi ya taka tushiyar dawa a gona. Ga mai lafiya wannan ba labari ba ne, amma Illo yana da ciwon suga, kuma suga ba ya barin rauni ya rufe baki. Ƙafar ta kumbura, yatsun suka yi baƙi, aka fara jin ta kafin a ga mai ita. Wanzami ya zo ya yi nasa. Mai kemis na bakin kasuwa ya ba shi kafso ja da rawaya, irin wanda yake bai wa mai zazzaɓi da mai gudawa da wanda matarsa ta yi yaji. Ƙafa dai sai gaba take yi.

Da ƙafar nan Illo yake noma, da ita yake taka giyar babur ya kai albasa Nijar. In ta tafi, gidan ya tafi. Kuma don kada a ɗauke ni waliyyi, tun da matata Maimunat ta rasu, daga tukunyar Saude matar Illo tuwona ke fitowa. Ka ga ke nan ni ma a kan ƙafar nan nake tsaye.

Za ka ce me ya hana a kai shi babban asibiti a birni? Da ganin wannan tambaya ba a nan kake kwana ba. Hanyar birni tana da nisa, kuma tana da masu ita, waɗanda ba sa tambayar ko kana da lafiya kafin su gayyace ka daji. Da can mukan tsallaka iyaka ta wajen Burkusuma mu ga lokotoro, wato likitan Nijar, to yanzu wannan ma sai mai dogon kwana. Saura asibitin garinmu, wanda ba za ni faɗi sunansa ba, don sunan kaɗai ya rage masa, kada in ƙarar. Sau biyu ana buɗe shi a kan idona. Karon farko fentinsa rawaya ne, karo na biyu kore. Tsakanin buɗewa da buɗewa awakin unguwa ke riƙon ƙwarya, kuma in za a yi adalci, ba a taɓa jin sun tafi yajin aiki ba.

Sai ga mai shela da lasifika: ranar Talata Mai Girma zai zo ya buɗe mana asibiti, da gadaje, da magani, da likita na gaske mai abin sauraren ƙirji a wuya. Na leƙa ta katanga na ce, “Illo, ka ji?”

Ya ce, “Na jiya, Malam Bawa. Wane launi na bana?”

“Shuɗi.”

“To Allah shi sa shuɗin ya fi koren magani.”

Da hantsi muka ɗora shi a amalanke, Saude na biye da tabarma da buta. Mun iske gari ya cika a ƙofar asibiti: makaɗa, mata masu guɗa, da duk wani mai tari ko ɗingishi daga nan har Tozai. A bakin ƙofa wani matashi ke tsaye, shaddarsa na ƙara, da kati rataye a wuya. Ban san muƙaminsa ba, saboda haka na naɗa shi Sarkin Tsari, Allah ya taya shi riƙo. Duk wanda ya taɓa ganin Illo yana cika buhun albasa ya san aikin da matashin nan yake yi: manya masu sheƙi a bakin buhu, masu tabo a gindi, ruɓaɓɓu a jefa bayan danga.

Ya dube ni ya ce, “Baba, me ke damun ka?”

Na ce, “Tsufa da karatun jarida. Ga mara lahiya nan bisa amalanke.”

Ya ɗaga tsumman da ke ƙafar Illo da yatsu biyu, ya sake shi, ya ja da baya yana toshe hanci.

“A'a, wannan ba zai shiga ba.”

“Ba asibiti na ba, ɗana?”

“Asibiti ne, Baba, amma yau ranar buki ce. Mai Girma ba ya son wari. Ga 'yan jarida kuma. In aka ga irin wannan ƙafa a hoto sai a ce ba a aiki.”

Illo ya ɗago kai daga amalanke ya ce, “Yi haƙuri, samari. Ban san sai mai lahiya ka shiga ba, da na aro ƙahwar Malam.”

Aka tura su bayan katanga, inuwar bedi, inda aka tara sauran waɗanda ciwonsu ya yi rashin ladabi har ya fito fili. Na so in gaya wa Sarkin Tsari cewa gwano ba ya jin warin jikinsa, amma sai na ga ya ƙura mini ido yana karkata kai, irin kallon da dillali ke yi wa rago ana jibi Sallah.

“Baba, kai ne ka dace. Ga farin gemu, ga tabarau. Ga kuma tsagen nan na fuskarka, kowa ya gani ya san lalle Gobir aka zo. Shigo ka kwanta.”

Kakannina sun sha wuƙar wanzami don a san su a fagen fama. Ban taɓa zaton gadon asibiti tsagen zai sama mini ba. Na juya za ni ƙi, sai Illo ya ɗaga murya daga kwanar katanga: “Tahi, Malam. Ko ɗayanmu shi ɗanɗana katihwa. In ka ga likita ka ce ina gaisuwa.” Na shiga. Likita na ciki, kuma wannan ce kaɗai ƙofar da ta buɗe.

Masu karatu, ban taɓa ganin kyau irin na ɗakin nan ba. Gadaje a jere, katifu ko ledarsu ba a cire ba, zannuwa farare da karin ninkin kanti a jikinsu. Fanka na juyawa, janareta na ruri a waje. Ga kabad cike da kwalayen magani har sama. Aka kwantar da ni, aka manna mini robar ƙarin ruwa a hannu da filasta, ba allura ba komai, aka ce in yi fuskar wanda ya sha wuya amma ya fara samun sauƙi. Na ce wannan fuskar da ita nake yawo tun da na yi ritaya.

A gadon da ke kusa da ni, wa za ni gani? Na'Allah mahauci, mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai yana hira da mai saye.

Ya ce, “Malam, kai mi anka ba ka?”

“Hawan jini.”

“Ni rashin jini. Da sun haɗa mu gado guda da mun warke.”

Ya miƙa dogon hannunsa ya zaro kwali ɗaya daga kabad, ya girgiza a kunne, ya mayar. “Wanga magani mai sauƙin haɗiya na,” in ji shi. “Iska ta ciki.”

Garin dariya carbina ya zame ya faɗi. Na sunkuya ɗauka, sai idona ya kai ƙarƙashin gadon. A jikin ƙarfen, can inda ba mai dubawa, an ɗiga jan fenti ɗis uku. Na leƙa na Na'Allah, ɗis uku. Na gaba ma haka. Na koma na kwanta ina kallon fanka, sai ga Maimunat tsaye a raina kamar jiya ta fita.

Marigayiya tana da tasoshi da kwanoni masu kyau, kuma babu amaryar unguwarmu da ba a yi wa jere da su ba. Kun san al'adar. Iyayen da hannunsu bai kai ba sukan bi gida gida su aro, a jera wa yarinya ɗaki ya cika har rufi, dangin miji su shigo su yi ta sa albarka. Bayan buki ya watse, masu kaya su zo ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya, kowa ta ɗauki nata. Don kada kaya su cakuɗe, Maimunat takan ɗiga jan farce a gindin kowane kwano. Kowa ya sani, ba mai faɗa, domin sutura ce. To ashe manyanmu ma sun iya jere. Bambancin kawai, na mata ana yin sa don a rufa wa talaka asiri, wannan kuwa don a rufa wa mai hali.

Amma Maimunat tana da ƙa'ida. Lokacin da aka kawo Saude gidan Illo, da kayanta aka yi jeren. Ranar karɓa ta shiga ta fito, babbar tasarta ba ta cikin kayan. Na tambaya, ta ce ta iske amarya ta zuba tuwo a ciki. Na ce to a juye mana. Ta dube ni kamar na yi saɓo ta ce, “Malam, da duk karatunka? Ba a karɓar kwanon aro da tuwo ciki. Ya tashi daga ado ya koma aiki.” Tasar nan ba ta dawo ba har yau. Ina dai ganin ta kullum, don a cikinta Saude ke aiko mini da tuwo.

Jiniya ce ta katse mini tunani. Mai Girma Sarkin Almakashi ya iso, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Ta taga na ji jawabinsa. Ya ce daga yau ciwo ya zama tarihi a ƙasar nan. Ya ce mace ba za ta sake haihuwa a kan babur ba. Aka yi guɗa, aka yanke ƙyalle, ƙamshin turare ya riga shi shigowa ɗakinmu. Na'Allah, da aka ce ya ɗan yi nishi, ya saki wani gurnani irin na bijimin da ya ga wuƙa, har Mai Girma ya yi tsalle gefe ya faɗo wajena.

“Baba, yaya jiki?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, tun da anka kwantar da ni nan, ko ciwon kai ban ji ba.”

Ɗaki ya ɗauki tafi. Mai Girma ya juya wajen masu ɗaukar hoto ya maimaita maganar da kansa. Ni dai ban yi ƙarya ba. Na bar wa waɗanda ake biya.

A ƙarshen ayarin akwai wata matashiya cikin farar riga, aka ce ita ce Dakta Rukayya. Ta kama wuyan hannuna bisa sabo, ta bi robar da ido har inda ta ƙare a ƙarƙashin filasta. Ta dube ni, na dube ta.

Na rage murya na ce, “Ke ma aro ta, ɗiyata?”

Ta ce, “Da safe aka ɗauko ni daga wurin aikina, Baba. An ce in tsaya kusa da gado.”

“Akwai na gaske bayan katanga. Ƙahwarshi na ruɓewa.”

Ta saci kallon Sarkin Tsari. “An hana ni fita daga ɗakin nan. Amma ba a hana ni duba wanda na samu a kan gado ba.”

Wannan yarinya za ta yi nisa, in ba a lura da ita ba.

Manya suka wuce cin abinci gidan wani mai faɗa a ji. Ƙurarsu ba ta kwanta ba sai ga babbar mota ta ja da baya har bakin ƙofa, ƙarti suka diro. Ɗayansu ya tafa hannu ya ce, “To, marasa lafiya, an sallame ku. Allah ya ƙara sauƙi.” Majinyata suka miƙe garau suna neman takalmansu. Annabawa kaɗai na san an ba irin wannan mu'ujiza.

Na ce, “Na'Allah, kai da ba ka da jini, kana iya ɗaukar mutum?”

Ya diro daga gado ya fita. Kafin ƙartin nan su gama kwance fanka, ya dawo da Illo a kafaɗa kamar ɗan maraƙi, Saude na biye da butarta. Na tashi, aka shimfiɗe shi inda na tashi. Farin zanen nan ya ga abin da aka saƙa shi dominsa.

Sarkin Tsari ya shigo a guje. “Wa ya sa wannan a nan? Ku ɗaga shi. Ana jiran gadajen nan kafin la'asar.”

Na ce, “Wa ka jiran su? Ko wani asibitin za a buɗe?”

Ya waiga, sai ya ga 'yan jarida biyu da ba a gayyata cin abinci ba suna jingine da taga, kuma ɗan jarida mai jin yunwa ya fi kowa son gaskiya.

Na ce, “Ɗana, mu ba mu ce ku bar muna kayanku ba. Mun san jere, mun san ranar karɓa. Amma garinga ba a karɓar kwanon aro da tuwo ciki.”

Shi bai gane ba. Amma matan da aka tara don guɗa suna cike da ƙofa, kuma babu wadda ba ta taɓa ara ko ba da aro ba a cikinsu. Saude ta ajiye buta, ta warware tabarmarta a bakin ƙofa ta zauna, ta ce, “Gaskiya na. Ko uwar miji mai baƙin hali ba ta yin haka.” Wata ta zauna kusa da ita, wata ta bi. Kafin ka ce kwabo ƙofa ta toshe da zannuwa. Ƙartin suka dubi juna. Su ma uwaye suka haife su. Babbansu ya ce shi dai gado aka ce ya ɗauka, ba a ce ya tsallaka matan mutane ba.

Dakta Rukayya kuwa ta riga ta kwance tsumman. Da yake maganin kabad iska ne, jakarta ta hannu ta buɗe, ta wanke abin da zai wanku, ta naɗe da bandeji. Illo ya cije leɓe, gumi na zuba. Ta miƙe ta ce wa Sarkin Tsari, “Wannan ya wuce nan. In bai kai babban asibiti yau ba, gobe ba maganar yatsu za a yi ba. Ko ku bar mini gadon da janareta da ni kaina, ko ku ba ni waccan motar.”

Waccan motar ita ce ta ɗaukar marasa lafiya, fara sol, an ɗaura mata ƙyalle a goshi kamar amarya. Tun safe take tsaye ana hoto da ita, kuma abin da ta taɓa ɗauka a rayuwarta shi ne ruwan roba na 'yan rakiya.

Sarkin Tsari ya kara waya a kunne, ya sauke, ya sake karawa. Na ga yana auna abin a ransa. In gado ɗaya ya ɓace, jere zai yi giɓi a hoton gari na gaba, a tambaye shi. Mota kuwa dama birni za ta koma, ko da mutum ko babu. Ya share goshi ya ce, “A sa shi a mota. Amma a rufe taga.”

Haka Illo ya bar garin nan cikin ayarin Mai Girma, Saude a gefensa, bindigogi gaba, bindigogi baya. Hanyar da mai albasa ke bi da kalmar shahada a baki, ranar nan ya bi ta da jiniya.

Jiya ya kira ni a waya, muryarsa ta dawo.

“Malam, ka san sai da munka tsaya buɗe asibitin gari na gaba? Da sunka ga bandejin fari tas, sai sunka ce na dace. Sunka maishe ni bisa gadon nan dai, naka. Mai Girma ya zo ya ce yaya jiki, ya ce ni na majinyacin farko a garin.”

“Bai gane ka ba?”

“Ina zai gane ni, bai taɓa ganina ba? Gadon ma bai gane ba.”

“Ƙahwa fa?”

“Yatsu biyu sunka tahi. Likita ta ce saura kaɗan da har gwiwa. Abin da ya rage ya isa taka giya. Saude ta ce a gaya maka ka yi haƙuri da ƙosan kasuwa, tasarka na nan ba ta gudu ba.”

Na ce tasar Maimunat dai. Ya ce a bar tone-tone.

Yau da safe na bi ta ƙofar asibitin. Ba gado, ba fanka, ba kabad. Awaki sun karɓi aiki, kuma na lura shuɗin ya karɓe su. Sauran waɗanda aka tara a inuwar bedi sun koma gida da abin da suka zo da shi, don tuwo ɗaya muka samu zubawa kafin a kwashe kwanoni. A rediyo kuwa har yanzu ana sako muryar wani dattijo yana cewa ko ciwon kai bai ji ba. Mutane na tare ni a masallaci suna yi mini barka da arziki.

Kada a ce ban yaba ba. Manyanmu sun kawo tsari. Da can ciwo kan zo lokacin da ya ga dama, ba shawara. Yanzu kuwa mai hankali ya san asibiti kamar kasuwar ƙauye yake, yana da ranar ci. Saboda haka duk mai niyyar kwanciya, ya daure ya fara tambayar mai shela yaushe za a yanke ƙyalle. Maimunat, da duk wayonta, a nan ta yi kuskure. Ta kwanta a shekarar da ba a buɗe komai ba, ta cika a bayan mota muna neman inda likita yake.

Ni dai na fasa rage gemu, tabarau ma na sa an ɗaure masa ƙafa da zare. Fentin nan ba zai wuce damina biyu ba, kuma na ji an ce ruwan hoda ke tashe. Ranar buɗewa ta huɗu, ku kawo naku ku ajiye bayan katanga, ku zo da mata da tabarmi. Ni za ni shiga in riƙe muku gado.